Dutse ma ƙwayoyi ne



Abu biyu ke sa gari kuka a kan ruwa: rijiyar da ta rufta da magininta a ciki, da rijiyar inji, wato foraji, da aka zuba wa dukiya ba ta ba da ko ɗigo ba. A gulbin Maraɗi rairayi ne ke zubowa. A Damagaram baƙin dutse ne ke cinye bakin ƙarfe, ruwa kuwa sai a cikin tsagarsa ake samu. Shi ya sa nake son mu san wata dabarar masana ta gane yadda ƙasa ke zubewa da yadda dutse ke fashewa.

A 1971 wani injiniya, Peter Cundall, wanda ya yi karatu a Landan, ya soma sa na'ura mai ƙwaƙwalwa tana lissafa motsin duwatsu ɗaya bayan ɗaya. A 1979 shi da Otto Strack suka kai dabarar ga ƙwayoyin rairayi. A 2004 shi da David Potyondy suka nuna yadda za a manne ƙwayoyin su zama dutse.

Ga yadda abin yake. Ku ɗauki ƙwarya cike da gero: kowace ƙwaya tana jingine da maƙwabtanta, in ka cusa hannu sai su gusa. Haka rairayi yake. Dutse kuma kamar ƙwayoyin nan ne aka haɗa da ƙaro. A cikin na'ura ana zana dubban ƙwayoyi, a ba kowace nauyinta da taurinta da ƙarfin ƙaron da ke riƙe da ita. Sai a kawo bakin ƙarfe, na zane shi ma, a danna. Na'ura ta lissafa turin da kowace ƙwaya ta sha da ɗan gusawar da ta yi, ta sake, ta kuma sakewa. Inda ja ya fi ƙarfin ƙaro sai ya tsinke, nauyin ya koma kan maƙwabciya, ita ma ta saki. Haka tsaga ke tafiya, kamar yagewar tsohon zane, zare bayan zare.

Ubana maginin rijiya ne. Ba ya saran dutse a tsakiya, sai kusa da inda ya riga ya ɓantare. Masana sun auna cewa dutse na jure danni kamar sau 10 fiye da yadda yake jure ja, kuma na'ura na nuna tsaga tana gudu zuwa gefen da babu tokara. Yakan kuma hana yaransa sauka in bangon rairayi ya bushe ƙayau ko ya jiƙe sharkaf. Dalilin ke nan: ƴar danshi ce ke riƙe ƙwaya da ƙwaya, in ta ƙafe ko ruwa ya yi yawa, riƙon ya tafi.

Amma fa na'ura ba ta san ƙasar garinku ba. Sai an ɗebo dutsen gaske an matse shi har ya fashe, sannan a yi ta gyara ƙarfin ƙaron na cikin na'ura har fashewar biyu ta zo daidai. In ba samfur, lissafi ya zama tatsuniya.

Don haka ga roƙona. Duk garin da ake gina rijiya, kwamitin ruwa ya sa wani mai ilimin yaƙi da jahilci ya rubuta: gaba nawa aka yi cikin rairayi, gaba nawa cikin laka ko marmara, ina aka tarar da dutse, ina ruwa ya ɓullo. A adana ɗan samfurin kowane hawa, a nuna wa ma'aikatan ruwa in sun zo. Inda rairayi ke zuba kuwa, kada a bar ɗan kowa ya sauka sai an sa kwalbatin siminti.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, amin.