Ƙwaƙwalwar Motar Kawu

Duk wanda ya zauna a gareji ya saurari kanikawa zai lura da cewa Bahaushe bai ɗauki mota a ƙarfe kawai ba. Tana da goshi da ƙafa, tana shan mai, tana tari, tana mutuwa, in an tashe ta kuma ta tashi. To, motocin wannan zamani suna da wata gaɓa wadda na iyayenmu ba su da ita, wato ƙwaƙwalwa, ko biren-bokis in ji 'yan gareji. Wani ɗan akwati ne wanda bai fi littafin aji girma ba, amma ban san wata gaɓa ta mota da ake yi wa ƙazafi kamarsa ba.

Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, kafireto take da shi, bakanike kan daidaita shi da sukuddireba da kunnensa. A Turai kuwa tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da na'urar lantarki mai auna wa inji mai, aka fara sa ta a wata Volkswagen, a 1979 kuma ya haɗa awon mai da ba da wuta a akwati guda. Aikin akwatin kamar na alƙali ne mai sauraron shaidu. Shaidun su ne ake kira sansa: wannan ya faɗi saurin juyawar inji, wancan zafin ruwa, wani yawan iskar da ta shiga, wani abin da ke fita ta salansa. Da bakinsu take yanke yawan man da za a fesa, kusan awo 1 na fetur ga awo 14.7 na iska, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. In shaida ya yi ƙarya, ko wayar da ke kawo maganarsa ta tsinke, hukunci zai karkace alhali alƙali lafiyarsa lau.

Abin da ya sa na damu da wannan zance shi ne motar Kawuna, wadda yake jigila da ita tsakanin Kano da Katsina, kuma daga cikinta kuɗin rajistata ke fitowa. A daminar bara ta kama wata cuta. Tana cikin tafiya sai ta mutu, ba tari ba gargaɗi, a jira kamar rabin sa'a ta tashi kamar ba ita ba. Sau biyu Kawu yana mayar wa fasinja kuɗinsu a bakin daji. Bakanike na farko ya sake fulogi, na biyu ya sake kwayil, na uku ya ce famfon mai ne. Kowane ya karɓi ladansa, cuta tana nan. Mako uku mota na kwance, ga ranar rufe rajista ta matso, gidan Kawu kuwa an fara auna hatsi da ido.

Daga nan aka kwatanta mana wani saurayi mai gyaran waya, wanda bai girme ni da shekara biyar ba. Kawu ya ce masa, "Samari, kowa ya ce ƙwaƙwalwa ce, ka cire mu sayo wata kawai." Shi kuwa ya ce, "A yi haƙuri, Baba, ita ce ƙarshen wadda ake tuhuma. Bari mu ji ta bakin sauran tukuna."

Ya ɗan'uwa mai karatu, a nan ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ya fara da batir, mitarsa ta nuna bolt 12.6, da aka tayar da inji ta hau 14, wato caji daidai yake. Ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya, ya gwada rile mai kai wa ƙwaƙwalwa wuta, ya kwance wayoyin da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota ya kankare tsatsarsu, domin in ji shi sau da yawa nan ɓarawon yake ɓuya. Sa'an nan ya jona na'urarsa a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Wannan kafa Amurka ce ta wajabta ta ga motocin da ake sayarwa a ƙasarta tun 1996, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Na'urar ta fito da lambobi barkatai, tana ƙarar sansa huɗu a lokaci guda, har da wata P0606, mai nufin ƙwaƙwalwa ta ga aibi a cikin kanta. Na so wannan lamba ƙwarai, ko ba komai ta fi wasunmu gaskiya.

Duk da haka bai yanke hukunci ba. Ya bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, sa'an nan ya yi maza ya auna. Wutar batir tana isa ga akwatin, amma bolt 5 da akwatin ya kamata ya aika wa sansa babu shi. Ya zare sansan ɗaya ɗaya ko akwai wanda ke janye wutar, ba ta dawo ba. Ya murɗa makulli, fitilar inji ba ta kama ba, kuma ba a ji kukan famfon mai na daƙiƙa biyun nan ba. Sai a lokacin ya ce, "Yanzu kam ita ce, Baba."

Da ya kwance akwatin daga bayan aljihun gaba ya buɗe, sai ga tsatsa kore shar a kan haƙoransa da allon cikinsa. Ashe robar gilashin gaba ta tsufa, ruwan sama yana zurarowa yana ɗiga a kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Ya ce ban da ruwa, abin da ya fi kashe ta shi ne juya kan batir wajen jona waya, da yin walda a jikin mota ba a cire batir ba.

Sayen wata ma ba kamar sayen fulogi ba ne. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun Kawu, sai muka nufi Ƙofar Ruwa neman ta Beljiyam. Ya hana mu saye da ido, ya rubuta mana lambar da ke jikin tsohuwar, ya ce ko harafi ɗaya ya saɓa mu bar ta, domin ta mota mai giyar hannu dabam take da ta mai sauya giya da kanta. A rumfa ta shida muka dace.

Aka ɗaura, aka murɗa makulli, kik ya juya, inji ya ƙi kamawa. Fuskar Kawu ta sauya, na ga yana lissafin abin da ya kashe. Saurayin ya yi murmushi ya ce ba ta san makullin ba ne. Akwai wata 'yar ƙwaya a kan makulli mai ɗauke da lambar sirri, an yi ta don maganin ɓarayi, kuma baƙuwar ƙwaƙwalwa makullin tsohon ubangidanta ta sani. Ya zauna da kwamfutarsa kusan sa'a guda yana haɗa su. Da ta tashi ya ƙi ba mu mota sai da aka kira mai gilashi ya sake robar, aka watsa bokiti biyu na ruwa ya sa hannu ya ji a bushe. Ran Litinin Kawu ya yi lodin Katsina, ni kuma na biya kuɗin rajista saura kwana biyu a rufe.