Malamin Da Ya Koma Ɗalibi

A ƙasar Tasker, arewa da Gure, cikin jihar Damagaram, aka haifi Malam Maman Barka. Ɗan makiyaya ne, Tubawa masu raƙuma. Ya shiga lakwal, ya yi karatu har ya zama mushe. Shekaru ya yi da alli a hannu yana koya wa yara. Amma Allah ya sa masa son kiɗa. Da gurumi mutanen Nijar suka san shi, suna jin waƙoƙinsa a radiyo.

Can gabas, a Tabkin Cadi, akwai wani abin kiɗa da ake kira biram. Na Buduma ne, masunta mazauna tsibirai. Tsirkiya biyar gare shi, cikinsa kuwa kamar jirgin ruwa. Farin 1973 da na 1984 sun sa ruwan tabki ya ja baya. Mutane suka watse neman abinci. Samari ba su zauna wajen tsofaffi sun koya ba. Aka wayi gari saura tsoho guda wanda ya iya biram sosai, sunansa Bukar Tar.

Da Maman Barka ya ji haka, abin ya dame shi. Ya san ranar da tsohon nan ya rufe ido, biram ya zama itace da fata kawai. A shekarar 2002 hukumar UNESCO ta ba shi taimako, ya tashi ya tafi bakin tabki.

Wannan tafiya ba ƙaramin abu ba ce. Mutum ya yi suna, ana kiransa malam, sai ga shi zaune gaban wani yana koyo kamar yaro. Hannun da ya saba da gurumi sai ya sake sabawa da tsirkiya biyar. Girman kai ba ya koyon sana'a. Ya saurara, ya maimaita, aka gyara masa, ya sake maimaitawa. Da tsoho ya ga hannunsa ya faɗa, ya ba shi biram nasa. Daga baya Allah ya yi wa Bukar Tar rasuwa, amma kiɗan bai bi shi kabari ba.

Maman Barka bai ɓoye abin da ya samo ba. Ya kawo shi Yamai, gidan koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wanda aka buɗe a 1989. A nan malaman kiɗa suke haɗuwa, na gargajiya da na zamani. A nan ake ajiye kayan kiɗan ƙabilun ƙasa. A 2008 ya kaɗa biram a Ingila tare da makaɗinsa Umaru Adamu. A 2009 faifansa ya fito.

Me ya sa haɗuwar malamai take da amfani ga ɗalibi? Malami guda, hanya guda ya sani. In yaro bai gane da ita ba, sai a ce ba shi da kai. Amma in malamai sun haɗa kai, wannan ya iya ɗaure tsirkiya, wancan ya iya gyaran murya, wani ya iya rubuta waƙa don kada a manta. Yaro ya ɗiba nan, ya ɗiba can. Kuma in ya kaɗa gaban malamai da yawa, kuskurensa ba ya ɓoyuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malam Maman Barka ya rasu a Yamai cikin watan Nuwamba na 2018. Allah ya jiƙansa.

To, jama'a, kowane gari da nasa biram. Akwai mai gangar noma da ke sa ƙarfi ga ƴan gayya. Akwai mai sarewa a bayan shanu, da mai goge, da mai kalangu. Da yawansu sun tsufa, ɗiyansu sun tafi ci-rani. Ya kamata makaɗan gari su zauna wuri guda, su sa rana, ko sau ɗaya a mako bayan kaka, su kira yara masu so. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya kawo takarda da alƙalami, ya rubuta waƙoƙin. Manomi ba ya cinye iri. Kiɗa ma iri gare shi, kuma cikin yara ake shuka shi.