Tafiyar Keke a Kan Tsohuwar Hanyar Jirgi

A shekarar 2018, sa'ad da nake karatu a jihar Mizuri ta Amurka, muka ƙulla shawara da wani abokina, wanda ya girme ni nesa, mu yi tafiyar keke a hanyar da ake kira Katy. Da can hanyar jirgin ƙasa ce. Ambaliya ta lalata ta a 1986, jirgi ya daina bi. Sai aka ɗebe ƙarafa, aka shimfiɗa dakakken dutse, aka buɗe yankin farko a 1990 domin masu keke da masu tafiya ƙasa. Tsawonta mil 240 ne, daga Clinton zuwa Machens. Ba ta da hawa mai wuya, gama jirgi ba ya son tudu, kuma ba a yarda mota ta bi ba.

Ran da za mu tashi na ga abokina ya ɗaura famfo da kayan faci da gora biyu. Na yi masa dariya, na ce, "Yaya, ƙaura za ka yi?" Bai tanka ba. Ni kuwa gora ɗaya na ɗauka don kada kaya su yi mini nauyi.

Kwana biyu ina gaba yana baya har Boonville. A rana ta uku muka ratsa ramin da aka huda cikin dutse a Rocheport, kogin Mizuri ya koma damanmu, duwatsu masu tsawo hagunmu. Nan na ba keke wuta, na yi masa nisa. Can da rana ta take sai taya ta sace. Ruwana ya ƙare, ba gida ba kanti. Na tura keke har idona ya fara ganin duhu, na zube gindin itace.

Wajen sa'a guda sai ga shi tafe sannu sannu. Ya miƙo mini gora, ya zauna ya yi faci, ya buga iska. Ko kalma ɗaya ta gori bai yi mini ba, shirun nan kuwa ya fi bulala zafi. Daga nan kafaɗa da kafaɗa muka tafi, muka isa Machens ran kwana shida.

To, 'yan'uwa masu shirin koyarwa, tun daga ranar ban ƙara raina yaron da ke baya a aji ba. Na kan tsaya in duba abin da yake ɗauke da shi tukuna. Sauri dai ya haifi nawa.