Kakana a ramin zinariya

A zamanin mulkin Nasara, samarin ƙasarmu da yawa sun tafi Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana tun 1957. Kakana yana cikinsu. Shi mutumin Dogon Dutsi ne, amma nan Yantala ya tsufa, yana aikin garka a bakin kogin Isa. Daga bakinsa na ji labarin nan.

A shekarar 1931 fara ta cinye hatsi, aka yi yunwa. Duk da haka, ga lanho, ga aikin dole. Sai kakana ya bi ayarin masu zuwa kurmi. Suka ƙetare kogi a Yamai cikin kwalekwale, don gadar Kenedi sai 1970 aka gama ta. Suka ratsa ƙasar Gurma da ƙafa, suka bi ta Bawku da Tamale har Kumasi. Daga can jirgin ƙasa ya kai su Tarkwa, garin zinariya. Tun 1901 Turawan Ingila suka kawo hanyar jirgi garin daga Sekondi, a bakin teku. Lokacin da kakana ya isa, kuɗin zinariya ya hau, kamfanoni suna ta neman ƙarfafa.

Kullum da asuba ake zura su cikin rami mai zurfi. Can ƙasa babu rana, sai fitila da zafi da ƙura. Su fasa dutse, su loda, a ja shi sama, injin ya niƙe. Kakana yakan ce mini: "Jikana, na daɗe ina haƙar zinariya, amma ban taɓa riƙe ta a hannuna ba. Dutse kawai na gani."

Abin da ya riƙe shi, zango ne, wato unguwar baƙi. Can Hausawa da Zabarmawa da Mosawa suke zaune tare, yawanci da Hausa suke jin juna. Ranar da ya sauka bai san kowa ba. Sarkin zango ya haɗa shi da wani mai gida, aka ba shi tabarma da tuwo. In mutum ya kwanta ciwo, maƙwabta ke jinyarsa. In ya rasu, a tara sule sule a sayi likkafani, a aika wa danginsa labari.

Da ya komo gida, ya biya lanhon gidansu, ya yi aure. Ya kawo akwati da bargo, ya kuma kawo tarin da ƙurar rami ta sa masa. Tarin bai bar shi ba har ya rasu.

Yau ma samarinmu suna bin zinariya, tun da aka gano ta a Jado a 2014. Wasu baƙin kuma nan Yamai suke zuwa neman abinci. In baƙo ya yi sallama a ƙofarku, yara, ku shimfiɗa masa tabarma, ku kawo ruwa. Haka aka yi wa kakana a Tarkwa.