Gidajen Tsofaffi a Bakin Tekun Ingila

'Yan'uwana mata, wannan mako Ingila za mu. In kuka shiga jirgin ƙasa a tashar Victoria ta birnin Landan kuka yi kudu, tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi, sai ku sauka Eastbourne, wani gari na ƙasar Sussex a bakin teku. Gari ne mai tsabta, ga furanni jere a gefen hanya, ga wani dogon farin dutse a yammacinsa, ana ce da shi Beachy Head. Turawa da yawa in sun ajiye aiki nan suke komawa, don haka ko'ina kuka duba sai furfura da sanda.

Ku ratsa unguwanni, za ku ga manyan gidaje da allo a ƙofa. Gidajen kula da tsofaffi ke nan. Kowane tsoho da ɗakinsa, da gadonsa, da ƙararrawar da zai danna in yana neman taimako. Ba kuwa kyauta ba ne. A Ingila wanda ajiyarsa ta wuce fam 23,250 shi ke biya wa kansa, har wasu sukan sayar da gidajensu saboda haka.

To, kada kyan gini ya ruɗe ku. Ƙararrawa ba ta da amfani in ba mai amsa ta. Tsohuwar da ƙafa ta ƙi, sai mutum biyu sun kama ake ɗaga ta. Wadda ke kwance kullum, in ba a juya ta a kai a kai ba, sai gyambo ya fito mata a baya. Wadda gigin tsufa ya kama kuwa ba ta cewa tana jin ƙishirwa, sai wanda ya saba da ita ya lura. Duk wannan aikin hannu ne, kuma sai hannun da ya daɗe a gidan.

A wannan ƙasa ta Sussex, a wani ƙauye Copthorne, an yi wani gida mai suna Orchid View. Sabo ne ful aka buɗe shi a 2009, amma manajoji suna ta sauyawa, ma'aikata ba su isa ba, magani ana ba da shi barkatai. Wata ma'aikaciyar ofishin gidan ce ta kai ƙara, aka rufe shi a 2011. Da aka binciki mutuwar mutum 19 a 2013, sai aka tarar sakaci na da hannu a ta 5 daga cikinsu. Kamfanin da ke da gidan, watau Southern Cross, shi ma ya durƙushe a 2011, yana riƙe da gidaje wajen 750.

Akwai hukuma mai duba gidajen nan, sunanta Care Quality Commission, ta fara aiki a 2009. Takan ba gida ɗaya daga daraja huɗu, tun daga mafi kyau har wanda ya gaza, kuma tilas a manna sakamakon inda kowa zai gani. Amma mai dubawa baƙo ne, ya zo ya tafi. Manaja ita ce kullum, in ta tsaya gida ya tsaya.

Abin ya shafe mu. Da hannu ya yi ƙaranci, Gwamnatin Ingila ta buɗe ƙofa ga ma'aikatan waje a 2022, 'yan Nijeriya da yawa suka tafi. A 2024 aka hana sababbi tafiya da iyali, a 2025 aka daina ɗauko su daga waje.

Saboda haka, in 'yarki ko ƙanwarki tana irin wannan aiki, kada ki tambaye ta albashi kaɗai. Tambaye ta tsofaffi nawa ke hannunta da dare, da ko an koya mata ɗaga mara lafiya, da ko manaja na sauraron ƙara. In ta ga ana wulakanta tsoho, ki ƙarfafa mata zuciya ta faɗa. Mu da tsofaffinmu ke tare da mu a gida, mu ma mu duba: wa ke juya Iya da dare, wa ke hutar da mai juya ta?

Sai mako mai zuwa.