Kallon Kitse Na Yi Wa Rogo: Shawara Ga Mai Niyyar Sayen Matacin Ruwa

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridan nan tamu mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata wauta da na tafka, wadda saura ƙiris ta jawo mini hasarar da ba ta da mayarwa. Labarin ba shi da daɗin faɗi, amma na ga in na ɓoye shi wani ya faɗa ramin da na fito, alhakinsa yana wuyana.

Gidan da mu ke haya ba shi da famfo. Ruwan rijiyar tsakar gida mu ke sha, in ta ja baya da bazara mu saya wurin 'yan garuwa. Tun da muka sami haihuwa uwargidana ba ta taɓa ba yara ruwa ba sai ta tafasa shi. To, da farkon daminar 1924 ba haka ba ne, da farkon daminar 2024 na ke nufi, ran da aka biya mu albashi, na biya ta wani kanti na ga wata buta ta roba mai sheƙi, wai matacin ruwa ce irin ta zamani. Mai kantin ya ɗebo ruwa mai ɗan gurɓi da wari ya zuba ta sama, kafin in gama duba kwalinta sai ga shi yana ɗigowa ta ƙasa garau kamar hawaye. Na sansana ban ji wari ba, na kurɓa na ji daɗi. Nan take na ƙirga masa abin da ya kusa sulusin albashina, na rungumo ta sai gida, ina jin na yi abin kai.

Da uwargida ta juya ta, ta leƙa cikinta, sai ta ce, “Malam, anya wannan abu zai yi aikin wuta kuwa?” Na ce mata ita dai ba ta san zamani ba, daga yau a bar ɓarnar gawayi wajen tafasa ruwa. Ta ce, “To, Allah ya sa alheri.” Ba ta ƙara cewa kome ba.

Ba a yi mako shida ba 'yarmu mai shekara huɗu ta kwanta da zazzaɓi mai zafi da ciwon ciki. Muka kai ta asibiti, aka auna aka ce taifot ne. Kwana tara muka yi a can. Wanda bai taɓa zama bakin gadon ɗansa da tsakar dare yana sauraren numfashinsa ba, ba zai gane abin da na ke nufi ba, kuma ba na yi masa fatan ya gane. Allah cikin ikonsa ya tashi kafaɗunta.

Likitan da ya duba ta ya tambaye ni irin ruwan da mu ke sha, na ba shi labarin butata da alfahari. Ya ce in kawo ya gani. Da ya buɗe cikinta, ba kome sai garin gawayi da wani ɗan ƙyalle. Ya ce, “Malam, wannan aikinta kawar da wari da gyara ɗanɗano. Domin ruwan famfo aka yi ta, wanda an riga an kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki.” Ya nuna mini takardar da ke cikin kwalin, ashe an rubuta haka da ƙananan baƙaƙe. Ku ji fa, ni akawu, wanda karatun takarda shi ne abincina, ban karanta ba! Ya ce shi ba zai rantse ruwan ne ya kawo cutar ba, don taifot ya kan zo ta abinci da ƙazamin hannu, amma in je in auna tsakanin rijiyarmu da masai. Na auna, taku goma sha ɗaya na samu zuwa masan maƙwabta. Abin da masu ilmin tsabta su ke so kuwa shi ne kada ya gaza mita 30, domin da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kan taso ya kwashi ƙazanta ya kai rijiya.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ba jahilci ya kai ni ba. Sa'ad da na ke makarantar mishan, malaminmu ya taɓa ɗiga ruwan tafki a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, muka yi layi muna leƙawa, muka ga halittu suna ta iyo a cikin ɗigo guda. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci, amma ilmin ya tsaya a littafi bai biyo ni gida ba.

A nan ina neman gafarar malamanmu in taɓa wata magana. Mun saba jin cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba, ya halatta a yi tsarki da shi. Wannan hukuncin ibada ne, malamai su suka fi ni saninsa, ba kuwa ina ja da shi ba ne. Amma da yawa daga cikinmu mun ɗauki wannan ma'auni mun kai shi ga ruwan sha, alhali ƙwayar taifot da ta kwalara ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano. Ruwa ya kan yi kyau ga alwala, ya kwantar da yaro in ya sha.

Tun daga ran nan na shiga tambaya da karatu, ga kuwa abin da na tsinta. Abubuwan da ke ɓata ruwa iri uku ne, kowane da maganinsa. Na fari laka da gurɓi, waɗanda ido ke gani. Na biyu ƙwayoyin cuta, masu rai amma ido ba ya ganinsu. Na uku abubuwan da suka narke a cikin ruwa, kamar gishiri da dalma da wani sinadari da a ke kira fuloraid. Mai sayen mataci bai san wanne ne abokin gabansa a cikin ukun nan ba, daidai ya ke da wanda ya shiga kantin magani ya ce a ba shi kwalbar da ta fi kyau.

Ku dubi misalin kurkunu. Da aka yi ƙidaya a 1988, an sami mutum fiye da 650,000 masu fama da shi a Nijeriya. Ba allura gare shi ba, ba ƙwaya. Amma da ya ke tsutsarsa a cikin wani ɗan ƙwaron ruwa ta ke zaune, ƙwaron kuwa yana da girman da ƙyalle mai ƙananan idanu zai tare shi, sai aka bi ƙauyuka ana raba ƙyallen tacewa ana gyara wuraren ɗibar ruwa, Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suna cikin masu jan aikin. Daga 2008 ba a sake ganinsa a ƙasan nan ba, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Ƙyalle ne fa ya yi wannan aiki, don ya dace da abokin gaba. Amma ƙyallen nan da kansa, ƙwayar taifot za ta ratsa shi kamar yadda sauro ke ratsa ƙofar gari.

Ga kuma misali na wani gefen. A Tibiri ta ƙasar Maraɗi an haƙa rijiyar burtsatse a shekarun 1980, ruwanta garau, amma fuloraid ya yi masa yawa, har yara masu yawa haƙoransu suka ɓaci, ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Irin wannan ruwa ko an kwana ana tafasa shi ba ya gyaruwa, sai ma abin ya ƙara kauri, domin ruwan ne ke tashi tururi, sinadarin yana nan.

To, yanzu bari in jera hanyoyin da ke akwai, da abin da kowace ta iya da wanda ba ta iya ba.

Alif, wanda wasu ke kira alam, da dakakken ƙwallon zogale, su kan tattara laka ta kwanta a gindin bokiti. Aikinsu mai kyau ne, amma share fage ne kurum, ba su gama da ƙwayoyin cuta. Tafasawa ita ce uwa: in ruwa ya tafasa sosai yana ɓulɓula har minti guda, ƙwayoyin cuta sun mutu. Aibinta cin itace da gawayi. Maganin kulorin, na ruwa ko na ƙwaya, yana da araha, a sa gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30 kafin a sha. Amma ƙarfinsa ya kan ragu a cikin ruwa mai laka, akwai kuma waɗansu ƙwayoyi masu taurin ɓawo da ba su cika jinsa ba. Rana ma magani ce ga wanda ba shi da hali: a cika gorar roba fara mai haske da ruwan da ba gurɓi, a kwantar da ita a bisa kwano cikin rana sa'a 6, in da hadari kwana biyu.

Sa'an nan akwai matacin tangaran, watau bokiti biyu ɗaya bisa ɗaya, da wani abu mai siffar kyandir a tsakani, ruwa na tsatsowa ta jikinsa a hankali, wajen lita ɗaya ko biyu a sa'a. Ya kan tare laka da galibin ƙwayoyin gudawa da taifot da kwalara, ba ya kuwa bukatar lantarki. Sai dai ƙwayoyin nan mafi ƙanƙanta da a ke kira bairos, irin masu kawo shawara, su kan iya wucewa. In kuma ya tsage ko da kamar silin gashi ne, aikinsa ya ƙare, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai mai fitila, wanda haskensa ke kashe ƙwayoyi, amma sai da lantarki da ruwa marar gurɓi. Daga ƙarshe akwai babbar na'ura mai matsa ruwa ta cikin wata fata mai tsananin laushi. Ita ce ke iya cire gishiri da dalma da fuloraid, amma tana da tsada, tana son wuta da ƙarfin famfo, sau da yawa kuma ruwan da ta ke zubarwa ya fi wanda ta ke bayarwa. Mai sayen ruwa jarka jarka ya yi tunani kafin ya kai ta gida.

Saboda haka shawarata ga mai niyyar saye, ya yi wa kansa tambaya huɗu kafin ya kwance lalita. Daga ina ruwana ya ke fitowa, mene ne kuma aibinsa? In da hali a kai shi a auna. Me aka rubuta a takardar abin cewa yana cirewa? A karanta da ido, kada a tsaya ga bakin mai kanti. In cikinsa ya gaji, ana samun na canji a garinmu, nawa ne kuma? Matacin da ba a canja cikinsa ya kan koma gidan ƙwayoyin da aka saye shi domin su. Ta huɗu, wadda na fi jin nauyinta: wa zai riƙa aiki da shi kullum? In uwargida ce, a tafi da shawararta, don ita ta san yawan ruwan da gida ke sha da lokacin da ta ke da shi. Da na saurari tawa da ban kwana tara a asibiti ba.

Ga yadda mu ke yi yanzu. Da maraice a ja ruwa a sa alif, ya kwanta. A tsiyaye na sama a zuba a matacin tangaran ya kwana yana ɗiga. Da safe a sa kulorin a cikin abin da ya taru. Na jinjiri kuwa har yanzu tafasa shi a ke yi. Duk kuɗin da na kashe a kan wannan bai kai na butar nan mai sheƙi ba. Mun kuma kai maganar rijiya da masai ga mai gidan da mu ke haya da duba-gari, don gyaran asali ya fi tacewa.

Saura abu guda wanda in an bar shi duk wahalan nan ta zama banza, watau randa da moɗa. Ruwa ya kan fito daga mataci lafiya lau, a juye shi a randa mai faɗin baki, yaro ya dawo daga bayan gida ya tsoma moɗa har da hannu, wani ya sha ya mayar da saura, moɗar kuma a ajiye ta a ƙasa. Ba na cewa a yar da randa, don ba abin da ya kai ta sanyaya ruwa. Amma a samo mai murfi, a sa mata ɗan famfo a gindi, ko a keɓe moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita, a rataye ta.

Ya 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta, mu ne jama'a ke kallo, abin da muka kai gida shi maƙwabta za su saya. A 2021 kaɗai kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasan nan, ta kashe fiye da 3,000, jihohinmu na Arewa kuwa su suka fi jin jiki. Ina roƙon malamai su koya wa yara wannan a aji, limamai kuma su taɓa shi a wa'azi, don rigakafi ya fi magani. In akwai likita ko duba-gari cikin masu karatu da ya ga na yi kuskure a wani wuri, ya gyara mini a wannan fili, zan karɓa da godiya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ƙara wa jaridan nan albarka. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.