Dajin Kamuku da Boris Mai Kuka

Wanda ya tashi daga Kaduna ya miƙa yamma ta Buruku da Udawa, bayan tafiyar kilomita wajen 120 zai iske Birnin Gwari. A bayan garin ne dajin Kamuku yake shimfiɗe, faɗinsa murabba'in kilomita kamar 1,120. Tun 1936 aka keɓe shi ya zama gandun daji na En'e, a 1999 kuma gwamnatin tarayya ta karɓe shi. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Sunansa kuwa daga mutanen Kamuku ya samo, waɗanda suke zaune a ƙasar nan tare da Gwarawa tun kaka da kakanni.

Ƙasa ce ta doka da kaɗanya da ɗorawa, ga ciyawa wadda takan shanye tsawon mutum da damina. Akwai Goron Dutse, wani falalen dutse mai zane baƙi da fari, da Tsaunin Rema inda remaye suke shan hantsi a kan duwatsu, da kuma gangaren ruwa na Dogon Ruwa. An san dajin da giwa da gwanki da gadu. Amma 'yan bindiga sun mai da shi maɓoya shekaru da yawa, sai a ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sāke buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Saboda haka duk mai niyyar zuwa, tilas ya fara tambayar mutanen gari da ma'aikatan gandun.

Da an bar kwalta, hanya ta zama jar ƙasa da yashi da rafuffuka marasa gada. Nan sai mota mai ja da ƙafa huɗu, irin tsohuwar Land Rover da asibitoci da makarantun ƙauye suka daɗe suna mora. A bayan akwatin giyarta akwai wani ƙaramin akwati mai raba ƙarfin inji, rabi zuwa gaba, rabi zuwa baya. A cikinsa akwai boris masu riƙe sandar da take juya farfela. Idan ɗaya ya saki, mota tana iya tsayawa inda babu gida gaba, babu gida baya.

Wata shekara kafin hanya ta rikice, muna kai littattafai da alli wata makaranta a gefen dajin, sai direbanmu, wani dattijo, ya tsaya cak ba tare da kowa ya ga dalili ba. Ya ce, "Malam, ba ka ji tana kuka ba?" Ashe wani gurnani ne yake tasowa daga ƙarƙashin kujera, yana ƙaruwa da gudu, in an ɗaga ƙafa daga totur sai muryarsa ta sāke. Allurar agogon gudu kuma tana ta rawa. Ga yadda ya bi sawun ciwon, gama abin koyi ne ga kowane mai mota.

Da fari ya sa duwatsu ya tare tayoyi gaba da baya, sa'an nan ya saki birkin hannu. Dalili kuwa, birkin hannun wannan mota a bakin akwatin nan yake, in yana ɗaure zai ɓoye motsin da ake nema. Ya shiga ƙarƙashi, ya kama farfelar baya ya girgiza ta sama da ƙasa. In mahaɗin farfela ne kaɗai yake motsi, ciwon yana waje, da sauƙi ke nan. Amma shi sai ya ga gangar birkin gaba ɗaya tana lilo, mai kuma yana ɗiga daga gindinta.

Sai ya kwance farfela, ya duba babban notin da ke tsakiya. Wannan noti shi ne yake matse haƙorin da ke juya agogon gudu, shi ya sa allura takan yi rawa in ya kwance. Ya ɗaure shi tam, motsi ya ragu, amma bai ƙare ba. Ya tsiyayi man giya kaɗan a tafin hannu, ya duba a rana. Man ya yi fari-fari kamar kunu, alamar ruwan rafi ya shiga, ga kuma ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Ya ce, "To, boris ne."

Bai mayar da farfelar baya ba. Ya jefa ta cikin mota, ya zuba sabon mai, ya danna sanda mai jan ƙafa huɗu, muka lallaɓa da tayoyin gaba kaɗai har Birnin Gwari kafin magariba.

A gareji akan tarar da ɗayan abu uku. Ko dai boris ya ci, sai a sa sabo. Ko kuwa ya sami sarari kawai, sai a rage siraran faranti da ke bayan murfi har ya zauna daidai, ba matsi, ba sako-sako. Mafi muni shi ne zoben boris ya riƙa juyawa a mazauninsa, gama akwatin na alminiyam ne, ƙarfe kuwa yakan cinye shi. Kada ka yarda a daddaƙa mazaunin da ƙusa don ya kama, wannan gyaran kwana biyu ne. A kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe, irin na Panteka a Kaduna, su sa masa sabon zobe.

Rigakafi kuwa ba wuya. Kada a bar irin wannan mota a ƙafa huɗu a kan kwalta, domin tayoyin gaba da na baya sukan yi ta jayayya, boris ne yake shan wahalar. Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya. A duba man giya bayan kowane ƙetaren rafi mai zurfi. Kai kuma fasinja, in direba ya tsaya yana kasa kunne, kada ka ce yana ɓata maka lokaci. Gara a yi jinkirin sa'a ɗaya da rana tsaka da a kwana a Kamuku da mara lafiya ko 'yan makaranta a bayan mota.